Wasa Ya Raba Ni Da Aminina: In Bari Ko In Ci Gaba Da Faɗa?

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali?

Shekarata 29, ina da mata da 'ya ɗaya, sana'ata gyaran waya a Kaduna. Shekara huɗu ke nan ina buga wani wasan intanet, irin wanda kowa yake rainon jaruminsa tun ba shi da komai har ya ƙasaita, a haɗu a yi ƙungiya a riƙa fita yaƙi da dodanni tare. Ni da aminina muka kafa tamu ƙungiyar, ni shugaba shi mataimaki. Layinmu ɗaya da shi tun muna yara, shi ne babban abokin ango a bikina. Mun kai mu 30: akwai 'yan Kano, akwai 'yan Maraɗi, mutum biyu a Kumasi, da wani ɗalibi a Masar. Daren Juma'a da na Asabar muke babban farmaki.

Wata uku da suka wuce kamfanin ya sabunta wasan. Ni maharbi nake bugawa, sai suka zaftare ƙarfin maharba. Bakan da na yi wata bakwai ina nema ya koma kamar sandar kiwo. Sannan suka buɗe shago suna sayar da akwatunan sa'a: ka biya da dala, ka buɗe, ko ka dace da babban makami ko ka tashi da tarkace. Wanda ya shigo jiya da kuɗi ya wuce wanda ya shekara huɗu yana wahala.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce duk 'yan ƙungiya mu daina biyan kuɗin wata har sai an janye. Wasu suka bi ni, wasu suka ce su dai a bar su su yi wasansu. Kullum musu. Ran nan muna tsakiyar shirin fita, kowa yana kan layi yana ji, aminina ya ce, “Wasa ne fa, in ka gaji ka bari, ka ishe mu da ƙorafi.” Ni kuma na ce masa shi karen farautar kamfani ne, nawa suka biya shi. A daren na sauke shi daga mataimaki. Washegari ya fita, mutum 11 suka bi shi.

Yau mako bakwai ba ma magana. Masallaci ɗaya muke salla, in mun haɗu kowa ya kau da kai. Wasan ma yanzu ban cika bugawa ba, sai dai in kwana ina karanta musun 'yan wasa ina mayar da martani har ƙarfe biyu. Matata ta ce kullum da fushi nake kwanciya, da shi nake tashi. Na lissafa abin da na kashe, kuɗin wata da na data, ya kusa naira dubu 400. In na bari, duk sun tafi a banza, kuma kamar na ba kamfanin gari ke nan. In na zauna, zuciyata ba ta huta ba.

Yaya, in bar wasan ne ko in ci gaba da faɗa? Kuma shi aminin nawa, tunda shi ya fara gaya min magana, ba shi ya kamata ya nemi sulhu ba?

Ƙaninka, daga Kaduna.

*

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya raya mana 'yar, ya sa albarka a sana'a.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma ban ga wauta a cikin ɓacin ranka ba. Na san akwai masu karatu da za su ce magidanci mai 'ya yana kukan bakan da ke cikin na'ura. Ni ban ce haka ba. Mai kiwon tantabaru da ya wayi gari ya tarar an fige fukafukan wadda ya fi so, ba za ka lallashe shi da cewa ai tsuntsu ne kawai ba. Wata bakwai ɗin nan daga cikin kwanakin rayuwarka suka fita. Kuɗin daga guminka suka fita, kuma duk wanda ke biyan abu da dala yana zaune a Najeriya ya san yadda lissafi ya canza tun daga tsakiyar 2023, lokacin da dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura dubu ɗaya cikin ƙasa da shekara. Kana da haƙƙin ka ji zafi, kana da haƙƙin ka yi magana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma ƙorafin 'yan wasa yana tasiri, an gani ba sau ɗaya ba. Bari in ba ka labarin da na fi so ka riƙe. A watan Yunin 2011, kamfanin CCP na ƙasar Aislan, masu wasan EVE Online na jiragen sararin samaniya, suka buɗe shagon kayan ado a cikin wasan. A cikin kayan akwai gilashin ido ɗaya da kuɗinsa ya kusa dala 70. Ana cikin mamakin wannan, sai wata takardar cikin gida ta kamfanin ta fito fili, aka ga ma'aikata suna tattauna yiwuwar sayar da abin da zai ba mai kuɗi fifiko a fagen yaƙi. 'Yan wasa suka taru da jiragensu a Jita, babbar kasuwar wasan, suka yi ta luguden wuta a kan wani gunkin tunawa da ke can, kwana da kwanaki. Da yawa suka soke kuɗin watansu. Kamfanin ya ɗauko wakilan da 'yan wasa suka zaɓa, ya kai su Reykjavik, babban birnin Aislan, aka zauna. Zuwa watan Oktoba shugaban kamfanin, Hilmar Veigar Pétursson, ya rubuta wasiƙa a fili yana ba da haƙuri, yana amsa cewa laifin nasa ne.

Ka dubi yadda suka yi. A cikin wasan nan ƙungiyoyi ne da suka shekara suna ƙona wa juna jirage, amma ran nan duk bakin bindigoginsu wuri ɗaya ya fuskanta. Tambayarsu ma kusan guda ce: za ku sayar da ƙarfi da kuɗi ko ba za ku sayar ba? Sannan suka taɓa kamfanin a inda yake jin zafi, wato aljihu. Amma kar in ɓoye maka ɗaya gefen: a cikin watan da aka ba da haƙurin, kamfanin ya sallami kusan kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatansa. Akwai magidanta irinka a cikinsu da ba su suka yanke farashin gilashin ba.

Wasan RuneScape, na kamfanin Jagex da ke Cambridge a Ingila, shi kuma haƙuri yake koyarwa. A ƙarshen 2007 kamfanin ya taƙaita ciniki tsakanin 'yan wasa, ya kuma hana faɗan da ake yi a dajin da suke kira Wilderness, don ya karya lagon masu sayar da zinaren wasa da kuɗin gaske. Aka yi ta kuka. Sai bayan shekara uku aka kaɗa ƙuri'a, aka maido da su a Fabrairun 2011. A 2012 suka sake salon faɗa gaba ɗaya, aka sake tayar da jijiyar wuya, har a Fabrairun 2013 kamfanin ya tono tsohon kwafin wasan na 2007 ya buɗe shi daban, da sharaɗin cewa sabon abu ba zai shiga ba sai 'yan wasa sun amince ta ƙuri'a, kuma tun farko kashi 75 cikin ɗari ake nema. 'Yan wasan World of Warcraft da suka roƙi a dawo musu da wasan yadda yake a da, a 2013 wani babba a kamfanin Blizzard, mai wasan, ya gaya musu a bainar jama'a cewa zato kawai suke suna so. Sai a 2019 suka samu. Shekara shida. Wasu kuwa ba su samu komai ba: a Nuwamban 2005 aka rushe tsarin wasan Star Wars Galaxies, sana'o'in jarumai sama da 30 aka mayar da su tara, 'yan wasa suka yi roƙo suka yi zagi, ba a janye ba, aka watse, wasan ya ja ƙafa har aka rufe shi a Disamban 2011.

Na kawo maka waɗannan ne don ka auna faɗan da ka ɗauko. Yana iya cin wata huɗu, yana iya cin shekara shida, yana iya tashi a tutar babu. Ba faɗan da mutum zai sayar da barcinsa a kai ba ne, kuma mutum 30 ba za su juya kamfani ba in ba sun haɗu da dubbai ba. Kai kuwa mutum 30 ɗin ma ka raba su biyu.

Akwai kuma abin da ka cakuɗa wanda ya kamata ka tsefe. Rage ƙarfin maharba daban, akwatunan sa'a daban. Masu irin waɗannan wasanni suna ganin alƙaluman da kai ba ka gani: wane jarumi aka fi ɗauka, wa ya fi yi wa dodo ɓarna, wa ake bari a baya in za a fita farmaki. In iri ɗaya ya yi wa saura zarra, kowace ƙungiya sai ta cika da shi, masu takobi da masu warkarwa su koma 'yan rakiya. Sai kamfani ya rage na sama ko ya ɗaga na ƙasa, kuma rage ɗaya ya fi musu sauƙi a kan ɗaga biyar. Sukan zarce gona da iri, shi ya sa sau da yawa za ka ga bayan 'yan watanni sun maido da wani abu daga abin da suka ɗebe. Ina so ka tambayi kanka tsakani da Allah: kafin wannan sabuntawar, su wa ke ƙorafi a ƙungiyarku? Ba ka faɗa min irin jarumin da amininka yake bugawa ba. In ba maharbi ba ne, mai yiwuwa shekara huɗu ya yi yana zaune a inuwarka, ana yabon kibiyarka, shi yana tare maka duka ko yana yi maka magani, bai taɓa cewa a daina biyan kuɗi ba. Ranar da rabo ya juyo kansa kaɗan, sai ka ce kowa ya ajiye makami. Ka yi tunanin yadda wannan zai sauka a kunnensa.

Maganar akwatunan sa'a kuwa, ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ka ba da kuɗi tabbas, a ba ka abin da ba ka san ko mene ne ba, ko riba ko asara: mu a nan mun san sunan wannan, caca. Ba mu kaɗai muka gan shi haka ba, a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin akwatunan da ake saya da kuɗi sun faɗa ƙarƙashin dokar caca. A Koriya ta Kudu, 'yan wasan MapleStory sun haɗa kuɗi a 2021 sun ɗauki hayar manyan motoci masu allon rubutu suka girke su a gaban kamfanin Nexon, mai wasan. A Janairun 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta ci kamfanin tarar won biliyan 11.6 na kuɗin ƙasar, saboda ya shekara da shekaru yana rage yiwuwar dacewa da manyan kaya ba tare da ya sanar da masu saye ba. Wato mai akwatin shi ke riƙe da ma'aunin, kai kuma ba ka ganin hannunsa. Kada sisinka ya shiga nan, ko da rana ɗaya, ko da ka ga na bayanka sun wuce ka. In akwai yara ƙanana a ƙungiyarku, ka gaya musu haka da lalama.

Dubu 400 ɗin da ke riƙe maka ƙafa, mu yi lissafinsu. A shekara huɗu, bai kai naira dubu tara a wata ba. Da su ka sayi ɗaruruwan dararen hira da dariya da mutanen da ba don wasan ba da ba za ka taɓa sanin su ba. An riga an ci wannan, an sha ruwa. Kamar kuɗin gidan kallon ƙwallo ne, ba wanda yake fitowa ya ce a ba shi kujerar ya tafi da ita gida. Bakan nan ma, ƙanena, tun ran farko ba naka ba ne. Doguwar yarjejeniyar da muke danna wa amincewa ba mu karanta ba, a galibin wasannin nan cewa take yi izinin amfani aka ba ka, kayan na kamfani ne, yana iya canza su ko ya rufe duk ranar da ya ga dama. A Janairun 2023, da yarjejeniyar Blizzard da NetEase, kamfanin da ke gudanar musu da wasan a Sin, ta ƙare, miliyoyin 'yan wasa a Sin suka wayi gari an kashe musu World of Warcraft ɗungurungum, sai a 2024 ya dawo. Zanen aro ba ya rufe katara. Don haka kar ka zauna a wurin da ranka ba ya so don kana gadin abin da ba za ka iya ɗauka ka fita da shi ba.

Yanzu sai tambayarka ta biyu, wadda ka ajiye a ƙarshe kamar 'yar rakiya, alhali ni a wurina ita ce wasiƙar.

A'a, ba shi ya kamata ya fara ba. Kai ne.

Maganar da ya yi maka da zafi, kuma da ya ja ka gefe ya faɗa da ya fi. Amma ra'ayi ya faɗa a kan wasa. Kai kuma mutuncinsa ka taɓa. Ka kira shi kare, ka ce an saye shi, a kunnen mutane kusan 30, waɗanda wasunsu ta bakinka suka san shi. Sannan ka yi abin da ya fi zagin ciwo. Ka sake karanta abin da ka rubuto min a kan kamfanin: mutum ya shekara huɗu yana gina abu, mai iko ya tashi dare ɗaya ya zaftare shi, ba shawara, ba jin ta bakinsa. Abin da ka yi wa amininka ke nan da ka sauke shi daga mataimaki. Tare kuka kafa ƙungiyar, maɓallin dai ne ya zamo a hannunka. Kamfanin bai san ka ba, bai ci tuwon gidanku ba. Kai kuwa ka san wanda ya tsaya maka ranar ɗaurin aurenka. Hannunka bai kai ga jakin ba, sai ka huce a kan taiki.

Mutum 11 ɗin da suka bi shi, kada ka ɗauka duk masoya kamfani ne. Wasunsu abin da suka ji a daren ne ya kore su. Ƙaurace wa biya abu ne da ake roƙon mutane su shiga, ba a tilasta su. Ɗalibin nan na Masar, mai yiwuwa daren Juma'ar nan ne kaɗai yake jin ana Hausa a kunnensa. Wani ya wuni a rana yana neman na cefane, awa biyun nan ne hutunsa. In ya zo ya tarar da taron ƙorafi kullum, ba laifinsa ba ne in ya nemi wata inuwar.

Na san wannan ciwon daga kusa. Shekarun baya ina cikin wata ƙungiya irin taku, muka samu saɓani da wani abokina a kan rabon ganima bayan wani farmaki da muka yi wata biyu muna faɗuwa a kansa. Har yau ina tuna daren: an ɗauke wuta, ƙaramin janareta yana kuka a tsakar gida, zufa tana bin bayana, ina buga masa maganganu da sauri don kar man ya ƙare ban gama ba. Na gama, kuma na yi nasara a musun. Da safe sunansa ya dushe a jerin 'yan ƙungiya, a gefensa an rubuta rabonsa da shigowa kwana ɗaya. Ya koma mako, ya koma wata. Kullum in na shiga nan idona yake fara zuwa, ina jiran ya fara magana. Ya bar garin da aiki ban sani ba. Sai bayan shekara uku muka gaisa a wurin wata jana'iza, gaisuwar mutanen da suka taɓa sanin juna. Makamin da muka yi faɗan a kansa, wallahi ko sunansa ba na iya tunawa.

Kai naka yana nan, sahu ɗaya kuke tsayawa. Ka san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a kan ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, da kuma cewa mafi alherin biyun shi ne wanda ya fara sallama. Ku kuna mako na bakwai. Ka taka da ƙafarka ka je gidansu. Kada ka tura saƙo a waya, kada ka aika wani ɗan ƙungiya, kada kuma ka neme shi a cikin wasan. Ka ce masa ka zage shi ba da haƙƙi ba, ka sauke shi ba da haƙƙi ba, ya yafe maka. Kalmar “amma” kada ta fito daga bakinka a ranar. Na san tana nan a maƙogwaronka: amma ai kai ma ka ce kaza. Haɗiye ta. In shi ya ga dama ya ambaci nasa, to. In bai ambata ba, ka bar shi. Maganar maharba da akwatuna kuma kada ta shiga zauren nan ko kaɗan.

Bayan haka akwai saura. A gaban jama'a ka ci masa fuska, a gabansu za ka wanke shi. Ka tara 'yan ƙungiya, har waɗanda suka fita in za su saurara, ka faɗa da muryarka cewa abin da ka ce a kansa ba gaskiya ba ne, kuma kujerarsa tana nan. Kada ka ɗaura wannan da sharaɗin sai ya dawo. Yana iya yafe maka ya ƙi dawowa, yana iya karɓarka da sanyi-sanyi a karon farko. Haƙƙinsa ne. Aminin kake nema ya dawo, ko da mataimakin bai dawo ba.

Shi kuma kamfanin, ka yi masa ƙorafi irin na mai sana'a. Kai mai gyaran waya ne, ka san bambancin wanda ya zo ya ce “wayar nan ta lalace, ku duk macuta ne” da wanda ya ce “in caji ya kai rabi sai ta mutu, tun ranar da ta faɗa ruwa.” Na biyun ake iya yi wa aiki. Ka rubuta sau ɗaya, gajere: ga abin da aka canza, ga yadda ya shafi farmakinmu, ga mutum nawa suka daina shigowa, ga abu ɗaya da muke nema. In da ni ne, a kan akwatunan zan tsaya, in nemi a cire makaman yaƙi daga cikinsu ko a bayyana yiwuwar dacewa da kowane kaya a fili, domin wannan ce maganar da maharbi da mai takobi za su iya sa hannu a kai tare. Ka tura ta inda kamfanin ke karɓar koke, ba zagi, don wanda zai karanta ƙaramin ma'aikaci ne da ba shi ya yanke hukuncin ba. Sannan ka dakatar da naka kuɗin watan, in an tambaye ka dalili ka rubuta shi. Iyakar abin da ke hannunka ke nan, kuma ya fi martani ɗari da za ka mayar wa baƙon da ba ka sani ba da tsakar dare.

Wannan karatun musun har ƙarfe biyu shi ya fi damuna a kan lafiyarka. Ka daina buga wasan, ka koma buga musu, shi kuwa musu ba shi da dodon ƙarshe da za a kashe a tashi. Masu jin daɗin wasa suna can suna wasansu, waɗanda ransu ya ɓaci su suka fi zama rubutu, don haka duk daren da ka leƙa za ka samu mai ƙara maka itace. Sana'arka kuma ta ido ce da hannu. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu ya tashi asuba, ya zauna da ƙarfen narka dalma a kan allon wayar mutane, wata rana hannun zai goce, ya biya abin da ya fi kuɗin wata. Maiɗakinka ta riga ta gaya maka abin da take gani, kuma ta yi maka adalci da ta faɗa maimakon ta yi shiru. Ita ma tana bin ka ban haƙuri. Ka sa wa kanka doka: daga sallar isha'i ba ka karanta musun kowa. In ya fi ƙarfinka, ka bar wayar tana caji a wani ɗakin.

To, ka bari ko ka zauna? Ba zan yanke maka yau ba, don mai fushi ba ya ganin abin da yake so. Ka ba kanka wata ɗaya cur ba wasa ba musu, ka damƙa riƙon ƙungiyar ga wanda duka ɓangarorin biyu suke ganin girmansa. In watan ya cika, daren Juma'a ya yi, ka saurari zuciyarka. In muryoyin mutanen nan kake kewa, ka koma, ko da da sabon jarumi ne, ka ɗanɗana yadda masu warkarwa suke ji. Ko kuma ku yi shawara ku ƙaura wani wasan tare, ƙungiyoyi da yawa sun yi haka sun zauna lafiya. In ka koma, ku ware wa ƙorafi lokacinsa daban, daren farmaki na farmaki ne. In kuwa ka ji nauyi ne kawai ya sauka daga kanka, to ka gama da shi, ba kuma kamfanin ne ya ci ka ba. Ka yi sallama da kowa da kyau, ka miƙa shugabancin ga wanda ƙungiya ta zaɓa, ka raba kayanka ga masu buƙata, ka karɓi lambobin waɗanda kake so ku ci gaba da gaisawa.

Amma wata ɗayan nan na wasa ne, bai shafi amininka ba. Shi kada ka bari Juma'ar nan ta wuce. In ka ga zuwa gidan zai yi maka nauyi, ka tsaya a bakin masallaci bayan la'asar, in ya fito ka miƙa masa hannu ka ce kana son ganinsa, ku taka tare. Ka rubuto min yadda kuka yi, ina jira. Ka gaida maiɗakin naka, ka shafa min kan 'yar.